Shingen Bayan Gida

Da sunan Allah. 'Ya'yana, ina wannan rubutu da hankalina garau. Gwiwa ce kawai ta yi mini tawaye.

Shekarun baya, da duk shukar da muka dasa ta yi ta mutuwa, an yi ta raɗe-raɗin wai maƙwabcinmu tela ne ke zuba wa shingen bayan gidanmu ruwan gishiri, don kada ya tare masa iska. Ni dai ban gaskata ba: mutumin da ke tsince guntun zare a ƙasa ba zai yi ɓarnar gishiri ba. Amma kai Babba ka hau ka zauna, har yau ba ka gaishe shi.

1. Tela bai kashe komai ba. Wurin ne. Inuwar benensa ta rufe shi, ƙasar kuma laka ce, ruwa idan ya kwanta sai ya ga dama yake tashi. Lallen da muka dasa rana yake so, bini-da-zugu kuwa saiwarsa ruɓewa take. Da na tono na ƙarshe, wari ne ya kore ni, ba gishiri ba. Ranar na yi barci har da minshari.

2. Abin da ya kama shi ne aduruku, da shuwaka a gindinsa tana rufe ƙasa-ƙasa. Yanzu mahaifiyarku tana tsefe kanta a tsakar gida ba mai hango ta daga sama. Kada wani ya sare su ya ce zai ja katanga. An taɓa ja, damshi ya cinye ta.

3. In za ku ƙara dashe, kada ku haƙa rami. Rami a laka tukunya ne, jiƙa saiwar zai yi ta yi. Ku tada kunya, ku cakuɗa da ruɓaɓɓen ganye, ku kafa reshen a kai.

4. Gida a raba yadda Allah ya ce. Almakashin datsa shinge na Auta ne, ita kaɗai ce ba ta yi wa shuka askin ƙwal-kwabo.

5. Fartanyar da ke bayan ƙofa ta tela ce, aro na yi. Rassan adurukun ma shi ya saro mini daga gonar surukinsa. Babba, kai za ka mayar, da hannunka, ba aike ba. In ya ba ka kujera, ka zauna.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe juna. Lokacin datsa shinge ku zo gaba ɗaya, ko da mai aiki ɗaya ne, saura masu ba da shawara.