Bututun Yana Kan Biyar

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya ƙafar Inna?

Ka san ciwon nan da ke cinye min tsoka ya gama da hannuwana, yanzu ya waiwayi ƙirji. Likita ta ba ni wani ɗan bututun roba, a toshe min hanci in riƙa zuƙar iska ta cikinsa sau talatin, safe da yamma. Yana da marfi da ake murɗawa: ɗaya sauƙi, tara wuya. Ta ɗora ni a kan biyar, ta ce ranar da na kasa a sanar da ita, don lokacin haɗa ni da injin numfashi ya yi.

Uwar yara ce ke riƙe min shi. Kwanakin nan talatin ɗin ba sa ba ni wahala, har tafi take min. To amma ni da ko shayi ba na iya hurawa? Kullum da ciwon kai nake tashi. Kuma na lura babban yatsanta ba ya barin kan lambar, da mun gama sai ta jefa bututun cikin aljihun tebur. Raina bai kwanta ba. Kada ka gaya wa Inna.

Ƙaninka,
Dogo

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da ƙafar Inna ta yi sauƙi.

Jiya aka kira uwar yara a waya, ta manta bututun a kan cinyata. Na juya shi da haɓa. Yana kan ɗaya.

Da ta dawo ba ta musa ba. Wai tun ranar da na tsaya a zuƙa ta bakwai, idona ya kawo ruwa, ta fara rage shi, kowane mako mataki guda, likita kuwa ana gaya mata biyar. Na yi fushi ƙwarai, Yaya, sai dai ba ni da iskar faɗa.

Ka zo Alhamis ka kai ni a sake awo, da bakina zan faɗi gaskiya. Don Allah kada ka yi wa uwar yara faɗa. Yau da safe ta mayar da shi biyar da hannunta, ta ƙirga min da ƙarfi. Huɗu na yi.

Ka gaida kowa.

Ƙaninka,
Dogo