Zuwaira, Ba Zan Ba Shi Takardar Ba Sai Na Ji Muryarki

Zuwa ga 'yata Zuwaira, a ƙasar Turawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, kamar yadda muke nan Zango cikin rufin asirin Allah. Ladi ce ke rubuta min, matar Alhassan, mai aikin jinya a Bantama. Ta ce za ta sa inda kowa ke gani a waya, tunda can kike leƙawa. Na ce ta sa.

Kwamfutar da kika ajiye mana a ɗaki ta daina amsa miki, na sani. Tun ranar sadakar bakwai ɗin babanki ne. Mata suka fitar da kaya duka, suka wanke ɗakin, suka mayar. Ƙaramin akwatin nan mai ƙyafta fitila, ramuka biyar ne a bayansa, ɗaya shuɗi, huɗu ruwan ɗorawa. Gwaggonki ta Buokrom ta soka igiyoyin inda hannunta ya kai. Ta ce rami ai rami ne.

Da, ina zaune sai in ga 'yar kibiyar nan tana yawo ita kaɗai a gilashi, sai karatu ya tashi, ko fuskarki ta fito kina tambaya ko na sha magani. Babanki yakan gyara hula ya ce, "Ga mai gidan ta shigo ba sallama."

To, shekaranjiya wani ya zo. Dogo, da jaka a baya. Ya ce daga Suame yake, ke kika aiko shi. Suame da na sani, mota ake gyarawa. Ya gaishe ni da ladabi paa, har ya yi yawa. Na ce masa ina takaba, baƙon namiji ba ya shigar min ɗaki. Ya tsaya bakin ƙofa yana faɗa, Ladi tana yi. Ta cire igiyar ta mayar ramin shuɗi, ta kashe, ta ƙirga goma, ta kunna. Fitila ta koma koriya. Har nan ban ga laifi ba.

Sai ya ce da saura. Wai abin da kike shigowa da shi daga nesa akwai ɗan ƙari da aka liƙa masa, shi kuma ɗan ƙarin yana da tasa ƙofar mai lamba a cikin akwatin. Wai an danne wani maɓalli wajen goge-goge, ta rufe, sai an buɗe. Ya nemi takardar nan da kika rubuta kalmar sirri, wadda kika ce in sa a ƙasan adaka kar in ba kowa.

Kowa kika ce, Zuwaira. Ba ki ce ban da dogo mai jaka ba.

Ya nuna wa Ladi saƙo a wayarsa, da sunanki da hotonki a sama. Hotonki ai ko mai sayar da koko tana da shi. Na tambaye shi, in an buɗe, wa da wa ke iya shigowa? Ya ce ke kaɗai. Ya ɗan yi shiru, ya ƙara da cewa in an yi shi daidai. Shirun nan ne bai kwanta min ba. Ɗakin da nake cire ɗankwali ne fa, idon kwamfutar nan gadona yake kallo. Na ce ya je ya dawo Juma'a.

Ladi ta ce na cika zargi. Ban ce ɓarawo ba ne. Amma ke ma ina da tambaya a kanki. Tun da aka kai babanki ba ki kira ba. Mun buga lambarki, tana ta ƙara ba a ɗauka. Sai saƙo, sai saƙo, a hannun mutane. Ni ban iya karatu ba, kowa zai iya rubuta abin da ya ga dama ya ce min ke ce. Har na fara tunanin ko wani ne ke riƙe da wayarki.

Ko kuwa kunya kike ji don ba ki samu zuwa ba? In ita ce, ajiye ta. Takardu ne suka riƙe ki, kuma babanki bai tafi da fushinki a ransa ba, ni ce a gefensa.

Juma'a mutumin zai dawo. Ki kira kafin nan, da bakinki. Kika ce in ba shi, a take zan ba shi. In magana ta ƙi fita, ki yi kukan kawai, uwata. Na san shi tun ranar da kika faɗo duniya, ba mai iya kwaikwayonsa.

Allah ya tsare min ke a inda kike, ya jiƙan babanki, ya sa mai gaskiya ne ya zo ƙofata. Amin.

Mahaifiyarki,
Hajiya Adiza