Ƙararrawar Ɗakin Sama

Ladywood, Birmingham
3 ga Maris

Bethany 'yata,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya mijinki Jeremiah da jikana Nentawe? Na iso gida lafiya, amma raina a ɓace yake.

Kin ce in mayar wa council, wato ƙaramar hukuma, makullin flat ɗin da suka ba ni haya in koma wurinku. To, na zo na ga gidan da kuka saya. Ginin dutse ne mai kwarjini, tagoginsa dogaye masu tsini irin na coci, ga gicciye an sassaƙa a bisa ƙofa. Fiye da shekara ɗari fastoci ne ke zama a cikinsa. Amma ɗakin ƙasa, inda bayin Allah suke durƙusawa kafin su rubuta wa'azi, me na tarar? Kwalaben giya jere har sama! Haka na rene ki?

Ni kuwa kika bar babbar matakalar katako ta gaba, kika bi da ni ta wata 'yar siririya a bayan kicin. Taki talatin da biyu, gwiwoyina sun shaida. Muka ɓulla wani ɗaki da rufinsa ya buge ni a ka. Ɗakin wa ne wannan a da? Ki faɗa mini gaskiya.

Allah ya shirye ku.
Mahaifiyarki, Monica

Manchester
8 ga Maris

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Nentawe sai tambayar Kaka yake yi.

Don Allah kada ki ɗauka da zafi. Gidan listed ne, wato yana cikin rajistar gine-ginen tarihi, doka ta hana mu taɓa bango ko matakala yadda muka ga dama. Giyar ta baƙin Jeremiah ce, kuma ɗakin ƙasan ne kaɗai mai sanyin da take so. E, 'yar aikin fasto ce ke kwana a sama a da, amma Mama ai tarihi ne kawai! Ɗakin ya fi ko'ina ɗumi. Har tsohuwar ƙararrawarsa Jeremiah ya gyara da hannunsa. In muna bukatarki sai mu ja igiya daga falo, ba sai mun ƙwala miki kira ba.

Kada ki manta, council na jiran amsarki ranar Juma'a.

Ki huta lafiya.
'Yarki, Bethany

Ladywood
13 ga Maris

Bethany,

Gaisuwa. Na karanta, har sau biyu.

Kwalba ta sami ɗakin fasto, uwarki ta sami na 'yar aiki. Tir.

Shekara ashirin da biyu ina amsa ƙararrawa a gidan kula da tsofaffi don ki gama jami'a. Ta ƙarshe na amsa ranar da na yi ritaya.

Na je council yau, na ce musu ina nan daram. Ki kawo mini Nentawe da hutun Ista. Ƙofata ƙwanƙwasawa ake yi, ba ta da ƙararrawa.

Ubangiji ya kiyaye ku.
Mahaifiyarki, Monica