Fatawar da Na Ba 'Yarka

Zuwa ga ƙanena,

Bayan sallama, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanmu. Ƙafar da ta kawo ni ƙasar nan ta yi sauƙi, alhamdu lillahi. Abinci ne dai ba ya shiga sosai.

Jiya na raka 'yata da mijinta asibitin haihuwa. Likita ta nuna mana ƙwayayen haihuwarsu uku da aka haɗa a bututu aka daskarar, ɗaya mai ƙwari, biyu masu rauni. Ta ce kimantawa ce, ba alkawari ba. Kowane bututu yana ɗauke da sunan miji da matarsa, kuma ma'aikata biyu ke tantancewa kafin a taɓa shi. Malaman da na tambaya sun halatta wannan aiki tsakanin ma'aurata.

Shekara goma sha biyar ke nan da 'yarka ta nemi fatawata kan wannan aiki. Na ce cakuɗa nasaba ne, ban bincika ba. Ta ce, "To, Baba," ta haƙura. Na faɗa wa likita shekarunta na yanzu, ta ce da wuya aikin ya yi mata amfani.

Ka karanta mata wannan a gaban mijinta. Kada ka matsa mata ta yafe mini. Idan ta yi shiru, ka ƙyale ta.

Wassalam,
Yayanka