Ki Bar Mani Uwani da Kitsonta

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, a makwancinta da ke gabas da garin Dakoro.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin wanda kika koya mani, ina fatan kina cikin rahamar Allah, ƙasa ta yi maki sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai abu guda, shi ne ma ya sa na ɗauki alƙalami. Maganar jikarki ce, Uwani, wadda na haifa bayan rasuwarki aka sa mata sunanki. Tsoro nake ji za ki tafi da ita, Inna, na zo roƙon ki bar mani ita.

Bari in faro daga tanderu, tunda can abin ya faro.

Kin tuna bayan rasuwar Baba, da gidan kumandan, nasaran da ke mulkin gari, suka rasa kuku, ke kika karɓi aikin gashin. Matar nasaran ta nuna maki ƴan abubuwan nan da suke ci kafin abinci, waɗanda mutanen gari suka raɗa wa suna kunnen Madam saboda yadda ake naɗe su. Ina zaune gefenki kina murza garin alkama da man shanu da kan yatsu, tun da sassafe kafin zafi ya narkar da man. Ki shimfiɗa ƙullin da kwalba, ki yanka shi gida-gida, ki ɗora wani koren abu mai kama da tsiron gero da ke zuwa cikin gwangwani, asperji suke ce mashi, ki barbaɗa cukun nasara, ki naɗe kunne biyu, ki shafe da ƙwan zabo da gashin kaza. Ni dai aikina korar ƙuda. Duk ranar da na kai hannu cikin ƙullin sai ki buge shi ki ce, "Ke Rabi, hannunki na gatari ne, je ki faskare."

Da aka sauke tutar nasara, gwangwani ya daina zuwa daga Maradi. Kowa ya ce kunnen Madam ya bi Madam. Ke kuwa kika gina tanderunki a tsakar gidanmu, kika sa aka riƙa kawo maki ɗanyen wake daga Sabon Maci, ƙanana tun ba su yi ido ba, kika koma sayen cuku wurin Gaisha, tsohuwar Buzuwar nan ta wajen Bader Gula. Lokacin ni ina ɗakin mijina da ciki, ban ga yadda kike sarrafa su ba. Kafin in haihu kin tafi. Muka dawo gidan da zama, tanderu ya zama wurin kwanan kaji.

Haka yake har ƙarshen daminar bana. Sabon kumandan namu ne, baƙar fata, matarsa ta aiko cewa manyan baƙi za su zo daga Maradi, kuma ta ji labarin abin da kike gasawa. Wai ai ɗiya ba ta rasa hannun uwarta. Na ji kunya in ce ban iya ba. Na kori kaji, na share toka, na hura wuta, na gwada. Inna, da kin ga abin da ya fito da kin tsine mani. Cukun ya bushe ya zama fata, waken ya yi baƙi, ƙullin kuwa ko akuya ta shinshina ta wuce. Na zauna bakin tanderu da rana tsaka, gari ya yi tsit, na yi kuka ina kiran sunanki.

Uwani tana gindin itacen bedi tana wasa da ƴar tsanarta ta kara. Ko shekarun shiga lakwal, makarantar boko, ba ta kai ba. Sai ta aje ƴar tsanar, ta taso a hankali tana dafa gwiwa, ta leƙa faranti. Ta ce, "Cuku ba a sa shi busasshe. Jiƙa shi a madara mai ɗumi, ki daka da albasa. Waken kuma a tsoma shi a tafasasshen ruwan gishiri a tsame." Ta ɗebi dusa da yatsu uku ta watsa cikin tanderu, ta tsaya tana kallon yadda take canza launi. Ta ce wutar ta yi yawa, a janye itace. Sannan ta dube ni ta gefen ido ta ce, "Ke Rabi, hannunki na gatari ne."

Yarinyar nan Iya take ce mani tun da ta buɗe baki. Ban taɓa faɗa mata wannan magana ba, babanta ma bai san ta ba. 

Na yi yadda ta ce, ita ta naɗe kunnuwan. Takan danne tsakiya da farcen babban yatsan hagu, ta ɗan murɗa, yadda kike yi. Suka fito jajir, suna ƙamshin da na rabu da ji tun kina raye. Matar kumandan ta aiko da godiya da turmin atamfa, ta ce kullum tana so. Maƙwabta suka yi ta sa albarka, wai yarinya ta gaji mai sunanta. Babanta ya yi dariya ya ce yara suna da ido, wataƙila a wani gida ta gani. Wane gida, Inna? Duk Dakoro wa ke gasa wannan abu in ba ke ba?

Na san halinki. Ba ki taɓa iya ganin aiki yana lalacewa a hannun wani ki yi shiru ba. Ko shara ake yi sai kin karɓi tsintsiyar. Na ce a raina kin ji kukana ne kika leƙo ki gyara mani, za ki koma. To, kin gyara, ba ki koma ba.

Tun ranar nan ƴar tsanar tana nan inda ta aje ta, gara ta cinye ƙafafunta. Ƙawayenta suna zuwa ƙofar gida suna kiranta gaɗa, sai ta ce su tafi, suna cika mata kunne. Zama take yi a kan tabarma ta miƙe ƙafafu, ta jingina da bango daidai inda kike jingina, tana matsa gwiwar dama tana cewa hadari na tafe. Kuma ya zo. Tuwo ta daina ci sai fura mai ruwa-ruwa, wai haƙoranta ba su da ƙarfi. Wuyanta ya zama siriri, idanun sun faɗa.

Sai ranar kasuwa da Gaisha ta kawo cuku. Ta tsufa ƙwarai, da sanda take tafiya, kuma ba ta taɓa ganin yarinyar ba. Rana ta take, ko kaza ba ta motsi. Ta yi sallama, kafin in amsa Uwani ta amsa daga inuwa, da buzanci, irin gaisuwar nan mai tsawo da kuke yi ku biyu kuna tafa hannu. Ni kaina ban iya ta ba. Ta tambaye ta ciwon idonta, ta tambaye ta ɗanta da raƙumi ya kayar. Yaron nan bayan rasuwarki ya rasu, tun kafin in haifi Uwani. Gaisha ta tsaya da faifan cuku a hannu, ta ja mayafi ta rufe bakinta. Ta aje faifan a ƙasa, ta fita da baya. A zaure ta riƙe hannuna ta ce, "Ki gaishe ta, amma ni ba ni ƙara shigowa." Yanzu jikanta take aikowa, shi ma daga waje yake miƙo shi.

Mun kai ta wurin lokotoro. Ya duba ido, ya duba harshe, ya saurari ƙirji, ya ce bai ga komi ba, a ba ta madara. Na je wurin Liman, ya ce mani wanda ya tafi ya tafi, ba mamaci ba ne, iska ce ke kwaikwayo, ya ba da rubutu. Na yarda da maganarsa, malami ne, ya fi ni sani. Amma da ta shanye rubutun ta lashe baki ta ce, "Har yanzu Liman rowar tawada yake yi." Shekara nawa kina yi mashi wannan tsiya ta kan katanga? In iska ce, to ta zauna da ke ta san ki fiye da ni. Shi ya sa nake rubuto maki ke. In ba ke ba ce, Allah ya yafe mani, ki kai ƙarata inda ake ji.

Ba zan ɓoye maki ba, na ji daɗi. Na yi kewarki, Inna, kewa mai ciwo. Kin tafi ina da ciki, ba ki yi mani wankan jego ba, ba ki ga abin da na haifa ba. Sai ga shi ina murza gari da safe ana yi mani faɗa da muryar da na sani. Wata rana har na kwantar da kaina a kan ƴar cinyarta, ta dafa mani kai ta ce, "Auta, kin rame." Na yi kuka har na gode Allah. Da na ɗago na ga ɗan hannun da ke kaina, duk bai fi cokali ba, sai na tuna rabon da in ji dariyar ɗiyata tun ba a yanke gero ba.

Jiya ne abin ya kai inda ba zan iya shiru ba. Bayan an sauke gashi, rana tsaka, ta kwashe farantan ƙarfe duka ta kai bayan ɗaki. Ta goge su da toka ɗaya bayan ɗaya har suna ƙyalli, ta kife su a kan dakali. Ta wanke kwalbar murza ƙulli ta miƙo mani ta ce in adana. Sannan ta zo ta zauna a gabana, ta juya mani baya, ta cire ɗan kallabinta. Ta ce, "Tsefe mani kai, kada masu wanka su sha wahala."

Haka kika yi, Inna. A satinki na ƙarshe, kina tafiya da ƙafarki, ba wanda ya san kina ciwo, kika goge farantan nan kika kife su, kika zauna a gabana kika faɗi wannan magana, kalma ba ta canza ba. Na yi maki dariya na tsefe. Ba a sake yi maki kitso ba.

Na dubi ƙeyar yarinyar nan, ga ƴan kalabarta da na yi mata da hannuna. Na tsefe, don sun tsufa. Tana jin na gama ta yunƙura za ta tashi, na matse ta tsakanin gwiwoyina. Na ɗauko man shanu da tsinke, na faro sabon kitso daga goshi, ƙanana ƙwarai, irin wanda mai tsefe shi sai ya wuni. Ta ce in sake ta. Ta ce da ni mara kunya, ta ce ni ba na jin magana tun ina ƙarama. Ban taɓa saɓa maki ba tunda kika haife ni, jiya na saɓa. Ina kitso ina ja, hawaye na zuba cikin gashin. Na ja wata kalaba ta bayan kunne da ƙarfi, sai ta fasa ƙara, ta shure ƙafa, ta ce, "Iya, da zafi!" Kukan yara ta yi, da majina da shessheƙa. Ta yi barci a cinyata da yatsa a baki.

Da ta farka da la'asar ta ci tuwo, ta tambayi ina ƴar tsanarta. Na ce Alhamdu lillahi. Amma yau da safe na same ta a jingine da bangon nan, ƙafafu a miƙe, tana shafa kitson a hankali tana neman bakin zaren. Ta dube ni ta gefen ido.

To ki saurare ni, Inna. Yau ni kaɗai na yi gashin, na rufe ta a ɗaki da babanta. Na jiƙa cuku, na tsoma wake, na watsa dusa, na naɗe kunnuwa. Sun ɗan ƙone ta gefe, wasu sun buɗe baki, ba su kai naki ba kuma ba za su taɓa kaiwa ba. An kai gidan kumandan an cinye. Ki haƙura da su haka. Aikinki a gidan nan ya ƙare, kin yi iya yinki, ki je ki huta. In kuwa tanderun ne ke riƙe ki, ki sani babanta ya aro galma, ina ɗaga mashi kai zai rushe shi.

Na san abin da nake roƙo. In kin tafi, ba mai sake ce mani auta har in mutu. Na yarda. Kukanki na yi shi sau ɗaya, na san hanyarsa, zan iya na biyu. Nata ne ba zan iya ba. Ko wankin kanta ba ta iya ba tukuna, ga haƙorinta na gaba yana girgiɗa, ina so in ga wanda zai fito a wurin.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya haskaka kabarinki, ya yalwata maki shi har ki ji ba ki son fitowa. Allah ya sada ki da Baba, ya ba ki maƙwabta nagari. Ya raya mani Uwani, ya sa ita za ta tsefe nawa kan in lokaci ya yi. Idan Allah ya kira ni zan zo da kaina, ki yi mani duk faɗan da kika tara. Amin.

Ki tafi ke kaɗai, don Allah.

Taki har kullum,
autarki, Rabi.