Ƙofar Motar Baba

Assalamu alaikum Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya maigidan da yara, ya zaman Legas? Ya ƙarin haƙurinmu? Mu nan Daura lafiya lau, sai kewa.

Da Inna ta fita takaba, ta ce in kai ta Sandamu ta yi wa dangi bangajiya. Sai na ga gara in fara gyara ƙofar nan ta akori-kurar Baba, ta gefen da Inna ke zama, wadda ta daina jin rimot. Na kai wa Malam Lawal mai gyaran wayarin mota. Ya kwance murfin cikin ƙofar, ya ciro ɗan injin da ke ɗaga makullin, ashe ya ƙone. Ya sa wani da aka kawo daga Kano, ƙofa ta koma daidai.

Ranar tafiya na danna rimot, makulli ya ɗaga, na shiga na tada mota. Inna tana tsaye a bakin ƙofar motar, ba ta taɓa ta ba. Na ce, "Inna, a buɗe take, an gyara."

Ta ce, "Wa ya sa ka? Babanku ne yake miƙo hannu daga ciki ya buɗe mini."

Yaya, sai na miƙa hannu na buɗe mata. Har muka isa tana ta share ido da bakin mayafi.

Ki riƙa kiranta, don Allah. Ki sa Baba a addu'a, Allah ya haskaka kabarinsa. Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Sani