Na Ba Alƙibla Baya

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya Legas, ya maigida da yara? Mu nan Daura lafiya lau, sai ciwon bayan nan nawa.

Likita ya koya mini wani motsa jiki, wai shi yoga. Jiya ina durƙushe kan tabarma, goshi a ƙasa, sai Innarmu ta leƙo: "Ke Rabi, kin ba alƙibla baya!" Na ce magani ne, ba salla ba. Ta ce, "Sanda kuke daka ke da Binta a Sandamu, wa ke kukan baya?"

Na yi dariya, sai ga hawaye. Turmin yana nan, Yaya, abokiyar lugude ce babu.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Rabi